Yadda za ki yi wa 'yarki maganar al'ada tun kafin ta ga jini

Iyaye mata, yayye da goggonni, da ku nake yau. Yawancinmu babu wanda ya zaunar da mu ya ce ga abin da zai faru da jikinki, sai dai yarinya ta shiga banɗaki ta ga jini ta rikice, wata ta ɗauka ciwo ta ji, wata ta ɓoye har jinin ya ɗauke saboda tsoron kada a ce ta aikata wani abu, daga ƙarshe ƙawarta ta aji ce take zame mata malama, ita ma ƙawar a bakin wata ta ji. Yanzu kuma ga waya a hannun kowa, in ba ki faɗa mata ba TikTok zai faɗa mata, kuma ba ki san me zai haɗa mata da shi ba. Abin da nake roƙonki shi ne ki riga jinin zuwa.

Toh yaushe kenan? Jikinta ne zai nuna miki. Kirgen dangi yakan fara tsakanin shekara 8 zuwa 13, kuma daga ranar da kika ga ya fara, al'ada takan biyo baya cikin kamar shekara 2 ko da ɗoriya. Sai gashi a hammata da gaba, sai tsawo ya zo mata lokaci ɗaya ki ga siket ɗin yunifom ya ɗage. Idan kika fara ganin farin ruwa kaɗan a fant ɗinta wajen wanki, to abin ya matso, wata 6 zuwa shekara ɗaya ne ya rage a mafi yawan yara. Ni dai a ganina shekara 9 ta isa a fara, in kuwa makarantar kwana za ta tafi, dan Allah kada a rufe akwatinta ba a yi maganar nan ba.

Na san kunya. Musamman in 'yar fari ce, wadda ko sunanta ba kya faɗa, ina ga zancen gaba. Ba zan ce ki yar da kunyarki ba, amma ki wakilta wata: ƙanwarki, goggonta, kakarta in mai sakewa ce da jikoki, ko yayarta da ta yi hankali. Sharaɗin kawai ki zaɓi mai riƙe sirri, wadda ba za ta mayar da abin hirar gidan biki ba, kuma ki zauna da ita tukuna ki ji me za ta faɗa, don wata da kyakkyawar niyya za ta cika yarinya da camfi. Bayan an gama ke ma ki ɗan leƙo, ko da jumla ɗaya ce, ki ce mata "goggonki ta yi miki magana ko? duk ranar da ya zo ki sanar da ni". Wannan jumlar ita ce take nuna mata cewa ba laifi ba ne.

In ke za ki yi da kanki, kada ki kira ta ɗaki ki rufe ƙofa ki haɗe rai, tun kafin ki buɗe baki ta tsorata. Ki yi lokacin tsifa ko kitso, tana zaune a gabanki ba kwa kallon idon juna, hannunki na aiki bakinki na aiki. Ki ce mata wani abu kamar haka: "Kinga yanzu kin fara girma, nan gaba kaɗan za ki ga jini yana fitowa ta gabanki, ba ciwo ba ne, ba yankewa kika yi ba, kowace mace tana yi, ni ma ina yi. Mahaifa ce take shimfiɗa a cikinta duk wata, in babu ciki sai shimfiɗar ta zubo. Zai yi 'yan kwanaki ya tafi." Ki gaya mata na farkon ba lallai ya zo ja ba, sau da yawa ruwan ƙasa ne ko baƙi-baƙi, ɗan kaɗan. Ba sai kin gama komai a zama ɗaya ba, yau kaɗan, wani satin kaɗan.

Akwai maganar da kusan kowa ya ji daga bakin uwarsa, "daga yau in namiji ya taɓa ki ciki za ki yi", kuma wallahi ina roƙon mu daina ta. Na fahimci tsoro ne yake sa a faɗe ta, amma duba abin da take haifarwa. Yarinya mai shekara 11 ta gogi wani a cikin adaidaita sahu ta dawo gida ta kasa barci. Wata kuma ta ga an taɓa ta ba abin da ya faru, sai ta yanke cewa Umma ba gaskiya take faɗa ba, daga nan sauran maganganunki ma sun zube. Mafi muni, ranar da wani ya ci zarafinta da gaske ba za ta iya zuwa wajenki ba, don tana ganin ita ce ta yi sake. Ki faɗa mata gaskiya daidai da shekarunta: ciki yana samuwa ne idan maniyyin namiji ya shiga gaban mace, ko sau ɗaya ne yana iya shiga, kuma yana iya shiga ko al'adar ba ta daidaita ba, har ma kafin a ga ta farko, tunda ƙwai yana riga jini fitowa. Tarbiyyarki da addininki ki ɗora su a kan wannan gaskiyar, sun fi zama.

Sai kayan aiki. Ki saya audugar mata ki buɗe ɗaya a gabanta, ki manna a fant ta gani, ki ba ta ta gwada da hannunta. Ki haɗa mata 'yar jaka: auduga biyu, fant ɗaya, leda, ta zauna a ƙasan jakar makaranta. A canza duk awa 4 zuwa 6 ko da bai cika ba, a wanke hannu kafin da bayan, a naɗe wadda aka cire a leda a ƙona ko a sa a shara, kada a jefa a masai na ruwa, toshewa yake yi. Auduga ta yi tsada yanzu, kowa ya sani, kuma ƙunzugu ba abin kunya ba ne in an kula da shi: tsumma mai laushi na auduga, nata ita kaɗai, a wanke da sabulu, a shanya a RANA ya bushe ƙarau, in da hali a goge. Matsalar ita ce ɓoye shi da ɗanshi a ƙarƙashin katifa don kada maza su gani, nan ne ƙaiƙayi da wari suke farawa. Ki yafa ɗankwali mara nauyi a kansa a kan igiya, ya wadatar. Tsarki kuma da ruwa mai tsabta ne, daga gaba zuwa baya, waje kawai. Ba Dettol, ba turare, ba cusa komai a ciki.

Ki ba ta kalanda ko bayan littafi ta riƙa sa alama ranar da ya fara da ranar da ya ɗauke. A shekaru biyun farko rikicewa ba abin tashin hankali ba ne, tazarar kwana 21 zuwa 45 duk daidai ce ga mai tasowa, jinin kuma kwana 2 zuwa 7. A nan ina so ki lura da wani abu. A Islamiyya za a koya mata hukuncin haila, barin sallah da azumi, ramuwar azumi, wankan tsarki, da cewa mai farawa tana iya ƙirgawa har kwana 15. Wannan lissafin ibada ne. Ta fuskar lafiya, yarinyar da take zubar da jini kwana 10 ko 12 duk wata jininta ƙarewa yake yi, kada a ce ai bai kai 15 ba a zauna. A kai ta asibiti in ya wuce kwana 7, in tana jiƙa auduga duk awa ɗaya ko biyu, in guda-guda manya suna fita, in ya ɗauke sama da wata 3, in tana jiri da haki da farin ido, ko ta kai shekara 15 bai zo ba sam. Masu sikila balagarsu takan yi jinkiri, su ma a faɗa wa likitan da yake duba su.

Ciwon mara gaskiya ne, ba raki ba ne. Ruwan zafi a gora a naɗe da tawul a ɗora a mara, ɗan tattaki, da ibuprofen bayan an ci abinci tun ranar farko, sai dai mai olsa ko ciwon ƙoda ta tsaya a farasitamol. Ciwon da yake kayar da ita duk wata har ta rasa makaranta, na likita ne, kada a saba da allurar kemis. A ƙara mata zogale, alayyahu, wake, hanta in an samu, a daina haɗa abinci da shayi mai kauri don yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Kuma ba kowane farin ruwa ne sanyi ba, wanda ba ya wari ba ya ƙaiƙayi halitta ce, a bar ɗura wa yara magungunan kashe ƙwayoyin cuta da jiƙe-jiƙe a kansa.

Wannan kuma da babbar murya: in yarinya tana ciwon mara duk wata amma jini bai taɓa fita ba, mara tana kumbura, ko aka ce wai gabanta a toshe yake, kada a kira wanzami. Yankan gishiri yana cikin abubuwan da suke jawo yoyon fitsari, ku je asibitin Babbar Ruga a Katsina ko sashen Laure na asibitin Murtala a Kano ku ga abin da lalurar nan take yi wa 'yan mata. Toshewar gaske ƙaramin aiki ne a hannun likitan mata. Dokar tarayya ta hana cin zarafi ta 2015 ma ta haramta kaciyar mata.

Tunda ana shekarun nan, ki tambayi rigakafin HPV, wato ƙwayar cutar da take jawo sankarar bakin mahaifa, a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ke. Najeriya ta fara shi a watan Oktoba 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya ce, kyauta a asibitin gwamnati, tana kare su daga sankarar bakin mahaifa, wadda ita ce ta biyu bayan sankarar mama a cikin matan ƙasar nan. An yi ta yaɗa cewa tana hana haihuwa, ba haka ba ne, ƙasashe da yawa sun yi shekaru suna yin ta tun 2006.

Abin da ya fi min nauyi shi na ajiye nan. Ki koya mata cewa jikinta nata ne, babu wanda yake da ikon taɓa ƙirjinta ko gabanta, ko ya nuna mata nasa, ko ya ce ta turo hoto, ko malami ne, ko maƙwabci, ko mai shago, ko ɗan uwa na cikin gida, don mafi yawan masu yi sanannu ne. Duk wanda ya ce "kada ki faɗa wa Umma", to shi ne za ta fara faɗa miki. Ki yi mata alƙawari ba za ki doke ta ba, kuma ki cika. Allah ya kiyaye, in abin ya faru, asibiti ne farko kafin zaman dangi, domin maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin awa 72, na hana shigar ciki na gaggawa cikin kwana 5, kuma da wuri ya fi aiki. In zai yiwu kada ta yi wanka, kada a wanke kayan da ke jikinta. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama, aikinsu kenan. Ki faɗa mata da bakinki cewa ba laifinta ba ne, ki maimaita.

Idan kun je asibiti kan kowace matsala, tana da haƙƙin a duba ta a keɓe, kina iya neman ma'aikaciya mace, kuma ki bar ta ta amsa tambaya da kanta. Wani lokacin ki ɗan fita waje minti biyar, akwai abin da za ta faɗa wa nas wanda nauyinki ba zai bar ta ta faɗa a gabanki ba.

Yara maza ma kada a manta da su, su ma mafarki da canjin murya suna rikita su, babansu ko kawunsu ya ja su gefe, a haɗa musu da cewa in sun ga tabo a bayan hijabin 'yar ajinsu ba abin dariya ba ne. Shi kuma maigida ki sanar da shi a natse cewa yarinya ta girma, ba don ya yi mata magana ba, sai don kuɗin auduga da sabulu su shiga lissafin cefanen wata, kada ta koma tana neman naira ɗari biyar a hannun wanda bai kamata ba.