Yadda zaka gane ko sabon gyaran bodi da aka yi wa motar Formula 1 ya yi aiki

Kusan duk tsere sai kaji ana cewa Ferrari sun kawo sabon kaya, McLaren sun canza gefen mota, magoya baya su fara murna tun ba a tada inji ba. Toh ga yadda zaka bi abun da idonka.

Ka fara riƙe wannan: iska tana danne motar ƙasa, wannan danniyar ce ke sa taya ta kama kwalta a kwana, amma kuma ita dai iskar ce ke riƙe motar a miƙaƙƙiyar hanya ta rage mata gudu. Duk gyaran bodi ƙoƙari ne na samun na farkon ba tare da na biyun ya ƙaru sosai ba. Kuma in gudu ya ninka biyu danniyar ninkawa huɗu take, shi yasa gyaran da yake ba da mamaki a kwanar da ake sha a guje sai kaga bai tsinana komai a ƙaramar kwana ba.

Ranar Juma'a ka nemi takardar da FIA, hukumar da ke kula da tseren, ke fitarwa, tun 2022 dole kowace ƙungiya ta rubuta abun da ta canza a jikin motarta da dalili. Dalilin zaka duba. Wani gyaran na filin wannan satin ne kawai. Siririn fiffiken baya a filin Monza na Italiya ba ci gaba bane, kowa haka yake zuwa da shi saboda dogayen hanyoyin wurin, a Monako kuma kowa mafi girma yake ɗaurawa. A Meksiko filin yana sama da mita 2,200, iska ba ta da kauri, sai su sa babban fiffike su kuma buɗe ramuka a bodi don inji ya sha iska, duk wannan ba sabon ƙarfi bane.

Sai atisayen farko. In kaga mota ta fito an shafe mata fiffike ko gefe da wani fenti kore ko rawaya mai ƙyalli, gwaji ake. Garin kala ne da aka dama da mai, mota na gudu iska na jansa, ya bar layi-layi ya bushe. Inda layin ya tafi sumul iska na bin jikin motar yadda ake so, inda ya cukurkuɗe ko ya taru wuri ɗaya iskar ta rabu da bodi kenan, kuma kana gani tana shigowa gareji makanikai za su yi sauri su tare ta don kar masu kyamara su ɗauka. Akwai kuma wani ƙarfe kamar ragar gasa nama da suke ɗaurawa bayan tayar gaba, cike yake da ƙananan bututu masu auna ƙarfin iska, ana haɗa abun da ya auna da na ɗakin gwajin iska, inda doka ba ta yarda samfurin mota ya wuce kashi 60 cikin ɗari na girman ta gaske ba. In lissafin biyu bai zo ɗaya ba toh akwai matsala.

Abun da nafi so mutane su gane shine kar gefen mota ya ɗauke maka hankali don shi ido ke gani. Daga 2022 zuwa 2025 yawancin danniyar daga ƙasan motar take fitowa. Mercedes sun watsar da siririn gefensu a Monako 2023, aka yi ta surutu a kai, amma hoton da injiniyoyi suka fi rububi a satin shine na ƙasan motar Red Bull ta direba Perez lokacin da injin ɗaga kaya ya ɗaga ta sama bayan ya yi karo. Red Bull ɗin nan tsere 21 cikin 22 suka ci a shekarar.

In an ba direba ɗaya sabon kaya ɗayan na kan tsohon, nan ne ka samu ma'auni mai kyau. Haka McLaren suka yi a Ostiriya 2023, direbansu Norris kaɗai aka ba ya zo na huɗu, sati na gaba a filin Silverstone na Ingila ya zo na biyu. Ka kalli kyamarar cikin mota, hannun direba zaka duba, in yana juya sitiyari sau ɗaya motar ta bi lafiya lau, in yana ta gyara hannu a tsakiyar kwana ko kansa na tsalle toh ba ta zauna ba. Ferrari sun kawo sabon ƙasan mota a Sifaniya 2024, a takarda ya ƙara danniya amma ya dawo musu da tsalle a kwanoni masu gudu har sai da suka koma tsohon a Silverstone.

Kar ka yanke hukunci da zagaye ɗaya na atisaye, ba ka san man da ke tanki ba. Ka jira Asabar, ranar neman gurbin farawa, da kowa ke fitowa da mai kaɗan, sannan Lahadi ranar tsere ka ga ko tayoyin suna jurewa, ka kuma bari a je fili biyu ko uku masu hali daban tukunna.