Yadda Za Ka Gane Zamanin Motar Morgan

Aikina gyaran bodin mota ne a Gusau, kuma idan yaran gareji suka kawo mini hoton Morgan a waya, tambayarsu ɗaya ce: Oga, wannan ta wace shekara ce? Da wuya ka gane a kallon farko, domin kamfanin da H.F.S. Morgan ya kafa a garin Malvern na Ingila ba ya gaggawar sauya siffa. Ta 1960 da ta 2015 za su iya tsayawa gefe da gefe ka rantse sa'o'in juna ne. Ga yadda nake bi.

Fara da ƙirga taya. In uku ne, biyu a gaba ɗaya a baya, to ka kama asalin gidan, don da ita aka fara a 1909, aka kai ta baje koli a Landan a 1910. Galibi injin babur ne mai silinda biyu, irin JAP ko Matchless, a waje gaban motar, sarƙa ce ke juya tayar baya. Harajinta na babur ne, shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi suka rungume ta. An daina ƙera ta a 1952, aka dawo da ita a 2011, don haka in ka ga injin yana da tambarin kamfanin S&S, sabuwa ce.

In taya huɗu ne, ba ta wuce 1936 a tsufa ba, shekarar da samfurin 4/4 ya fito: taya huɗu, silinda huɗu. Sai ka dubi hancin. Lagireto a miƙe tsaye, fitilu a tsaye su kaɗai kamar an dasa, wannan kafin 1954 ne. Daga nan aka lanƙwasa hancin aka nutsar da fitilu cikin madigadi, fuskar da ta zauna har yau.

To daga nan ido ya gama nasa, sai a buɗe bonet. Plus 4 ta zo a 1950 da injin Standard Vanguard, daga baya aka koma na Triumph, kuma irinta ce ta lashe ajinta a tseren motoci na Le Mans a Faransa na 1962. Silinda takwas na Rover, wanda ya fara da lita 3.5, kuwa Plus 8 ce, daga 1968 har 2004. Za ka ga ta fi 'yan uwanta faɗi. In fitilun suna harara-garke, jikin kuma sumul, Aero 8 ce ta 2000 mai injin BMW. Ni dai ban taɓa jin fuskar nan ta kwanta mini ba, amma da ita aka fara casis na alminiyom a gidan.

Wurin da na fi so yara su tsaya shi ne maganar katako. Mutane na cewa casis ɗin Morgan na itace ne. Ba haka ba ne. A tsofaffin, casis ƙarfe ne, a kansa ake ɗora ƙwarangwal na katakon bishiyar ash, sannan a buga falankin ƙarfe ko alminiyom da hannu ya lulluɓe shi. Duk wanda ya ga yadda kafintocinmu ke ɗora bodin katako a kan babbar mota ya san tsarin. Ash yana da sauƙin nauyi, yana lanƙwasuwa bai karye ba, amma ruwa abokin gabarsa ne. In Allah ya haɗa ka da motar ido da ido, buɗe ƙofa ka ɗan ɗaga ta sama a hankali. In ta yi wasa, ko ta sauka har tana gogar ƙasan bakin ƙofar, ginshiƙin da ke riƙe da ita ya fara ruɓewa. Danna katakon da ke ƙarƙashin ƙofar da babban yatsa, lafiyayye ba ya nutsewa.

Na ƙarshe, durƙusa ka leƙa bayan tayar gaba. Tsofaffin suna da sanda a tsaye wadda tayar ke zamewa sama da ƙasa a kanta da sifirin, dabarar da ta taho tun zamanin mai taya uku, kuma tana shan giris sosai. In babu ita, kuma casis ɗin alminiyom ne da aka manne, injin BMW mai silinda shida, Plus Six ce ta 2019. Mai silinda huɗu Plus Four ce ta 2020, shekarar da casis ɗin ƙarfe ya yi ritaya. Katakon ash kuwa yana nan a cikin duka biyun, kafinta ne ke fere shi a masana'antar da ke titin Pickersleigh.