Yadda ake kallon shirin Sugar a gane tsoffin finafinan da yake girmamawa

A watan Afrilu na 2024 kamfanin Apple TV+ ya fitar da shiri mai dogon zango mai suna Sugar, kashi takwas a zangon farko, wanda Mark Protosevich ya ƙirƙira, jarumin ƙasar Ireland Colin Farrell kuma ya fito a matsayin John Sugar, mai bincike mai zaman kansa a birnin Los Angeles na Amurka. Labarin a zahirinsa mai sauƙi ne: wani tsohon attajirin furodusa mai suna Jonathan Siegel ya ɗauke shi aiki domin ya nemo masa jikarsa Olivia da ta ɓata. Sai dai wanda ya zauna kallo ba tare da ya shirya ba zai riƙa ganin ana tsinke labarin ana cusa gutsattsarin tsoffin finafinai marasa launi na daƙiƙa biyu ko uku, ya ɗauka ko ado ne kawai, alhali kuwa rabin maganar da shirin yake yi a cikin waɗannan gutsattsarin take.

Abin da ya kamata ka fara yi shi ne ka san gidan da shirin ya fito. Ana kiran wannan salon da sunan Faransanci, film noir, wato baƙin fim, kuma wani mai sharhin finafinai a Faransa, Nino Frank, shi ne ya yi amfani da sunan a 1946 a kan finafinan Amurka. Dalili kuwa shi ne a shekarun da Jamus ta mamaye Faransa ba a shigo da finafinan Amurka, da aka gama yaƙi sai suka iso a tare, masu kallo a birnin Paris suka lura cewa duhu ya shiga cikinsu, duhun hoto da duhun zuciya. Masana sukan ɗauki zamanin daga The Maltese Falcon na 1941 zuwa Touch of Evil na 1958. Abubuwa biyu ne suka haɗu suka haife shi. Na ɗaya littattafan marubuta irin su Dashiell Hammett, wanda shi kansa ya taɓa yin aikin bincike a kamfanin Pinkerton, da Raymond Chandler. Na biyu kuma daraktocin da suka baro Jamus a shekarun 1930 saboda mulkin 'yan Nazi, irin su Fritz Lang da Billy Wilder da Robert Siodmak, waɗanda suka zo da al'adar wasa da haske da inuwa da suka koya a can.

Ba sai ka kalli finafinai hamsin ba. Shawarata ita ce ka kalli uku kafin ka taɓa kashi na farko na Sugar, kuma ka fara da The Big Sleep na 1946, wanda Howard Hawks ya ba da umarni, Humphrey Bogart ya fito a matsayin mai bincike Philip Marlowe. Ka sa ido sosai a kan mintocin farko, inda Marlowe ya je gidan wani tsohon janar mai dukiya da ke zaune a keken guragu cikin ɗakin rainon furanni mai tsananin zafi, gumi na jiƙa wa baƙon riga, tsohon kuma yana ba shi labarin 'ya'yansa mata biyu da suka fi ƙarfinsa. Wannan zaman shi ne uban duk wani zama da za ka gani tsakanin mai bincike da tsohon attajiri, har da na Sugar da Jonathan Siegel, wanda James Cromwell ya fito a matsayinsa. Darasin da ke ciki shi ne wanda ya ɗauki mai bincike aiki ba ya taɓa faɗa masa dukan gaskiya, kuma ɓarnar da ake nema a titi galibi a cikin gidan take kwance. Idan labarin fim ɗin ya rikice maka kada ka damu, domin sananne ne cewa masu shirya shi sun aika wa Chandler, marubucin littafin da aka ɗauko labarin daga ciki, tambaya a kan wanda ya kashe direban gidan, shi ma ya ce bai sani ba. A wannan salon yanayi ya fi warware ƙulli muhimmanci.

Na biyu shi ne Double Indemnity na 1944, aikin Billy Wilder, kuma a nan kunnenka ne zai yi aiki. Fim ɗin ya buɗe da wani ma'aikacin inshora da ya shigo ofis cikin dare da raunin harsashi, ya zauna gaban na'urar naɗar murya yana ba da labarin yadda shi da matar wani suka ƙulla kashe mijinta. Tun daga farko ka san ƙarshensa, abin da ya rage shi ne ka ji yadda mutum yake bayyana wa kansa faɗuwarsa. Muryar da ke magana a bayan hoto ita ce babbar alamar wannan salo, kuma Sugar ya ɗauke ta gaba ɗaya: Farrell yana magana a hankali, da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa kansa hisabi. Ka saba wa kanka da tambaya guda a duk lokacin da ka ji wannan muryar, wato me take faɗa kuma me take tsallakewa, domin mai ba da labarin kansa yakan zaɓi abin da zai nuna. Na uku shi ne The Big Heat na 1953, na Fritz Lang, kuma dalilinsa a fili yake, domin bindigar da Ruby, matar da ke tsara wa Sugar ayyukansa, ta miƙa masa, an ce ita ce wadda Glenn Ford ya riƙe a wannan fim ɗin. Sugar, mutumin da ba ya son ɗaukar makami, ya karɓe ta ne saboda ƙaunar fim, kuma wanda ya ga yadda fushi da ramuwar gayya suka cinye ɗan sandan da Ford ya fito a matsayinsa zai gane nauyin kyautar.

Sai batun wurin kallo, wanda mutane suke rainawa. Ni kaina na fara kallon shirin ne a waya da rana tsaka, a zaune a bakin ƙofa, hasken rana na dukan gilashin, kuma na gama kashi na farko ina ganin ba wani abin a zo a gani. Da na maimaita shi da dare bayan sallar isha'i, na kashe fitila, na rage hasken allon, sai na ga abubuwan da suka wuce ni gaba ɗaya: rabin fuskar mutum a cikin inuwa yayin da yake rantsuwa cewa gaskiya yake faɗa, da hoton jarumin a cikin madubi a lokacin da shi kansa yake shakkar kansa. Saboda haka ka kalla da dare, a allo mafi girma da kake da shi, ka kunna rubutun ƙasan allo idan Turancin Amurka yana yi maka sauri. Kashi-kashin ba su da tsawo, yawancinsu rabin awa ne da 'yan mintoci, amma kada ka haɗiye su a zama ɗaya. Biyu a dare sun isa. Kuma ba shirin da za a kalla tare da yara ba ne, saboda akwai shan giya da zubar da jini da maganganun cin zarafin mata.

Game da haske, ga abin da za ka nema. Masu ɗaukar hoton wancan zamani sukan yi amfani da fitila ɗaya mai ƙarfi daga gefe, su bar sauran ɗakin cikin duhu, maimakon su haske ko'ina. A Double Indemnity, mai ɗaukar hoto John Seitz ya bar haske ya ratso ta labulen taga mai tsaga-tsaga, sai layukan inuwa suka kwanta a jikin jarumin kamar sandunan kurkuku tun kafin ya aikata laifin, har ma ya watsa garin ƙarfe a iska domin ya yi kama da ƙurar gidan da ba a kula da shi. Sugar ya buɗe da irin wannan hoton marar launi a birnin Tokyo, inda jarumin yake neman yaron da aka sace, daga baya launi ya shigo. Amma darakta Fernando Meirelles, mutumin Birazil da ya yi City of God a 2002, tare da mai ɗaukar hotonsa César Charlone, ba su tsaya ga kwaikwayo ba. Kyamararsu tana karkacewa, tana leƙe ta bayan gilashi da ƙofa, tana tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan, Los Angeles ɗinsu kuma cike take da rana. Wannan bai saɓa wa asali ba, domin tun a littattafan Chandler abin tsoron birnin shi ne yadda mugunta take zaune lafiya a cikin hasken rana da gidaje masu lambu.

Yanzu ga gutsattsarin tsoffin finafinan. Kada ka tsayar da shirin kana neman sunan kowane ɗaya, domin hakan zai kashe maka daɗin kallo. Ka ɗauke su a matsayin tunanin Sugar. Shi mutum ne da finafinai suka cika masa kai, yana karanta mujallun fim, yana tuƙa tsohuwar mota ƙirar Corvette ta shekarun 1960 marar rufi, yana sanye da kwat a garin da kowa ke yawo da ƙaramar riga. Idan ya hau matakalar wani gida sai a nuna wani jarumin na da yana hawan tasa, idan mace ta yi masa wani irin kallo sai fuskar wata jarumar ta gilma. Abin da za ka tambayi kanka shi ne ko abin da ya biyo baya ya bi sawun tsohon fim ɗin ko ya kauce masa. Yana da amfani kuma ka san cewa tun daga 1934 aka tsananta dokar tace finafinai a Hollywood, wadda ta hana nuna lalata a fili, ta kuma wajabta cewa mai laifi ya gamu da sakamakonsa. Wannan ne ya sa tsoffin finafinan suka ƙware a hannunka-mai-sanda, ana kunna wa mace sigari a maimakon abin da ba za a nuna ba, ana magana da habaici. Shirin 2024 ba shi da wannan takunkumin, don haka duk inda ka ga ya zaɓi kunya da kawaici, da gangan ya yi.

Inda na fi so mai kallo ya daɗe shi ne wuraren da Sugar ya bambanta da magabatansa, domin a ganina nan ne zuciyar shirin take. Sam Spade, mai binciken The Maltese Falcon, mutum ne mai taurin zuciya, wanda a ƙarshe ya miƙa matar da yake so ga 'yan sanda. Marlowe yana da mutunci, amma harshensa kaifi ne da shi, kuma ya riga ya yanke ƙauna daga mutane. John Sugar kuwa mai tausayi ne ba tare da ɓoyewa ba. Yana tsayawa ya yi hira da mutumin da ke kwana a titi tare da karensa, ya ba shi kuɗi, ya roƙe shi ya nemi 'yan uwansa. Yana yi wa ma'aikatan otal da direbobi magana da harshensu. Yana maimaita cewa ba ya son cutar da kowa, ko da yake ya iya faɗa ƙwarai. Haka kuma Melanie, wadda Amy Ryan ta fito a matsayinta, an gabatar da ita a mashaya kamar irin matan nan na tsoffin finafinai da ke jan namiji zuwa halaka, sai labarin ya bi da ita wata hanya dabam. Wanda bai san tsohon tsarin ba ba zai ji daɗin wannan kaucewar ba, shi ya sa na nace a kan finafinai ukun nan.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ya kamata ka riƙa ajiyewa a ranka tun daga kashi na farko: rawar da hannunsa yake yi, allurar da yake yi wa kansa a ɓoye, yadda yake shan giya ba ta bugar da shi, yawan harsunan da yake ji, da 'yar uwarsa Djen da yake yawan tunawa. Kada ka ɗauke su a matsayin kayan ado na jarumi mai ciwon zuciya. A ƙarshen kashi na shida akwai wani juyi da ya raba kan masu kallo, wasu suka ga ya ɓata shirin, wasu suka ga shi ne ya ba shi ma'ana, ni kuma ina cikin na biyun. Ka guji karanta sharhi ko neman sunan shirin a intanet kafin ka kai wurin, domin layin farko na yawancin abin da aka rubuta yana tona asirin. Idan ka wuce kashi na shida, ka koma ka sake kallon na farko kafin ka ci gaba zuwa na bakwai, ka saurari abin da muryar take faɗa game da finafinai da kuma abin da mutum zai iya koya daga kallonsu.