Yadda ake kula da Sphynx, magen nan mara gashi

Wallahi duk wanda ya fara ganin Sphynx sai ya ɗauka ciwo ne ya cinye mata gashi, alhali haka jinsinta yake. Asalinta daga Toronto ta ƙasar Kanada ne, a 1966 aka haifi wani ɗan mage ba gashi, daga nan masu kiwo suka fara ƙoƙarin yaɗa irin.

To in ka samu, abu na farko wanka. Sauran maguna gashinsu ke shanye maiƙon fata, ita kuwa ba inda zai je, sai ya taru ya riƙa ɓata maka zanin gado da kujera, don haka kusan duk sati ka mata wanka da ruwan ɗumi da shamfu na maguna, ba sabulunka ba don Allah, ka bi duk lungun fatar nan da ta tattare musamman wuya da hammata, sannan ka tsane ta da tawul nan take kafin sanyi ya kama ta. Kunne ma yana tara datti sosai, auduga mai laushi ka goge baki-baki, kar ka zurma.

Rana tana ƙona ta, a ɗaki za ta zauna. Ka aje mata bargo. Ci kuwa ba a magana, jikinta na ƙona abinci don ɗumama kanta.

Kafin ka biya kuɗi ka nemi takardar gwajin zuciyar iyayenta, ciwon kaurin tsokar zuciya yana bin jinsin. Kuma mai alaji, wato wanda kusantar mage ke sa shi atishawa ko ƙaiƙayi, kar ya ruɗu wai ba gashi, abin da ke jawo shi daga yawu da fata yake fitowa.