Idan allon Ubuntu ya yi baƙi bayan sabuntawa, kada ka yi saurin fomat

Ka sabunta manhajojin Ubuntu ko Linux Mint, ka sake kunna kwamfutar, sai ga baƙin allo da ɗan layi yana ƙiftawa a kusurwa. Wani lokaci kuma shafin shiga yana fitowa, ka sa kalmar sirri, allon ya ɗauke, ya sake dawo da kai inda ka taso. A nan Katsina, da zarar an kai irin wannan kwamfutar shago, maganar farko da ake ji ita ce a yi mata fomat. Hakan asara ce babba, musamman ga ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko na Hassan Usman Katsina Polytechnic da aikin kammala karatunsa ke ciki. A Linux, fuskar da kake gani da linzami da alamomi manhaja ce da aka ɗora a kan tsarin. Idan ta faɗi, kamar shago ne da ƙofarsa ta maƙale, kayan ciki suna nan lafiya lau.

Fara da danna Ctrl da Alt da F3 a tare. A wasu laftof sai ka haɗa da Fn. Baƙin shafi zai fito yana neman sunan shiga. Rubuta sunanka na kwamfutar da ƙananan haruffa, sannan kalmar sirri. Ba za ka ga komai yana fitowa ba sa'ad da kake rubuta ta, haka aka tsara shi, ka ci gaba ka danna Enter. Idan ka shiga, tsarin yana raye.

Kafin ka taɓa komai, kwashe abin da ba za ka iya jure rasawa ba. Sa filashi, rubuta lsblk don ganin sunansa, yawanci sdb1 ne, ka gane shi da girmansa. Sai ka bi da waɗannan:

sudo mount /dev/sdb1 /mnt
sudo cp -r ~/Documents /mnt/
sudo umount /mnt

Yanzu duba ko wuri ya cika, da umarnin df -h. Kalli layin da ya ƙare da / da kuma na /boot idan akwai shi. Idan ka ga kashi 100, ka gano matsalar, domin shafin shiga yana buƙatar rubuta ƙananan fayiloli kafin ya buɗe maka, kuma idan babu wuri sai ya mayar da kai baya. Wannan ya fi samun laftof masu ƙaramar ma'ajiya ta gigabait 64 ko 128, da waɗanda aka raba tsakanin Windows da Linux. Umarnin sudo apt clean (apt shi ne mai girka manhajoji da sabunta su) zai share fakitocin, wato ƙunshin manhajoji, da aka sauke aka tara a /var/cache/apt/archives, shi kuma sudo journalctl --vacuum-size=200M zai rage tsofaffin bayanan tsarin zuwa megabait 200.

Abu na gaba shi ne sabuntawar da ta yanke a tsakiya, kuma a wajenmu wannan ne ya cancanci zargi tun farko. Yawancin laftof ɗin hannu da ake sayarwa batirinsu ya gaji, ana ɗauke wuta sai su mutu nan take. Idan data ce ta ƙare ana cikin saukewa, da sauƙi, domin apt ba ya fara girkawa sai ya gama saukewa. Mutuwar kwamfuta ana cikin girkawa ita ce mai illa: an kwance sababbin fayiloli amma ba a gama saita su ba, rabin tsarin sabo, rabi tsoho. Za ka tabbatar da haka idan ka rubuta less /var/log/apt/history.log, ka danna Shift da G don zuwa ƙarshe. Kowace sabuntawa tana farawa da Start-Date ta ƙare da End-Date. Idan ta ƙarshe ba ta da End-Date, ba ta kammala ba. Danna q don fita.

Gyaran yana iya buƙatar intanet. Hanya mafi sauƙi ita ce ka haɗa wayarka da kebul ka kunna rabon intanet ta USB, kwamfutar za ta kama da kanta. Idan Wi-Fi kake so, rubuta nmtui ka zaɓi naka da maɓallan kibiya. Sannan, ɗaya bayan ɗaya:

sudo dpkg --configure -a
sudo apt update
sudo apt --fix-broken install
sudo apt upgrade

Na farko yana ƙarasa saita abin da aka bari, na uku yana cike fakitocin da wasu suka dogara da su. Idan aka ce maka wani aiki yana riƙe da makullin dpkg, wato manhajar da ke girka fakitoci a ƙarƙashin apt, ka jira mintuna kaɗan, mai yiwuwa sabuntawar atomatik ce ke gudana a ɓoye. Kada ka goge fayil ɗin makullin kamar yadda wasu ke ba da shawara, domin ayyuka biyu su rubuta a rumbun dpkg lokaci guda ya fi baƙin allo wahalar gyara.

Koma cikin history.log ɗin ka nemi layin da ya fara da Remove. Mutane kan tsallake wannan, alhali sau da yawa amsar tana nan ƙarara. Umarnin apt upgrade ba ya cire fakiti, amma apt full-upgrade yana cirewa idan ya ga saɓani, kuma saɓanin yakan taso ne daga rumbunan PPA, wato rumbunan manhajoji da ba na Ubuntu kansa ba, da mutum ya ƙara da hannunsa. Idan ka ga gdm3, gnome-shell ko ubuntu-desktop a cikin abin da aka cire, to fuskar ce aka tumɓuke gaba ɗaya, kuma kai ne ka amsa da Y ba tare da ka karanta ba. Mayar da ita da sudo apt install --reinstall ubuntu-desktop gdm3. A Linux Mint mai Cinnamon sunayen su ne mint-meta-cinnamon da lightdm, a Xubuntu kuma xubuntu-desktop. Ina jan kunne a kan apt autoremove a wannan hali: da zarar babban fakitin ya fita, yana iya ɗaukar sauran sassan fuskar a matsayin marasa amfani ya kwashe su. Karanta jerin kafin ka yarda. Tabbatar kuma systemctl get-default yana nuna graphical.target, in ba haka ba ka gyara da sudo systemctl set-default graphical.target, sai sudo reboot.

Idan tun farko Ctrl da Alt da F3 bai ba ka komai ba, zargi ya koma kan sabon kanel, wato zuciyar tsarin, ko direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa katin da ke fitar da hoto a allo. Kashe kwamfutar, kunna ta, ka riƙe Shift idan tsohon BIOS ne, ko ka danna Esc sau ɗaya idan UEFI ne, har jerin GRUB, wato jerin zaɓin tashin kwamfuta, ya fito. Shiga Advanced options, ka zaɓi kanel mai ƙaramar lamba, na kafin sabuntawa, domin Ubuntu yana barin na baya saboda irin wannan ranar. Idan ta tashi lafiya da shi, sabon kanel ne bai jitu da katinka ba. Wata dabarar ita ce ka danna e a kan layin farko na GRUB, ka nemi inda aka rubuta quiet splash, ka ƙara nomodeset a bayansa, ka danna F10. Hoton zai fito da manyan haruffa, amma za ka samu shiga. Saitin na wannan tashin ne kaɗai.

Rubuta lspci | grep -i vga don sanin katin da kake da shi. Direbobin Intel da AMD suna zuwa ne cikin kanel, ba kasafai suke ba da wahala ba. NVIDIA ne mai rigima, domin direbansa dole ya dace da kowane sabon kanel. Umarnin dkms status zai nuna ko an gina shi don kanel ɗin da kake kai. Idan ba a gina ba, girka sudo apt install linux-headers-$(uname -r) sannan sudo dkms autoinstall. Idan mokutil --sb-state ya nuna Secure Boot, wato kariyar tashin kwamfuta, a kunne, direban da ba a sa masa hannu ba ba zai lodu ba ko da an gina shi. Hanya mafi tsabta ita ce ka cire shi da sudo apt purge '^nvidia-.*', ka sake kunnawa, kwamfutar ta tashi da nouveau, direban katin NVIDIA da ke zuwa da Linux, sannan ka girka wanda ya dace da sudo ubuntu-drivers install. Wanda ya girka direban da fayil ɗin .run daga shafin NVIDIA zai cire shi ne da sudo nvidia-uninstall. Tsofaffin katunan da kamfanin ya daina yi wa direba kuwa, gara a bar su a kan nouveau, ya isa rubutu da lilo a intanet. A Ubuntu 22.04 da 24.04 za ka iya gwada barin Wayland, sabon tsarin nuna hoto a allo: buɗe sudo nano /etc/gdm3/custom.conf, cire alamar # daga gaban WaylandEnable=false, adana da Ctrl da O.

Saura mai dawo da kai shafin shiga alhali wuri bai cika ba. Ƙirƙiri sabon asusu da sudo adduser gwaji, ka shiga da shi. Idan ya buɗe, tsarin lafiyarsa ƙalau, matsalar tana cikin saitunan asusunka. A Mint duba ls -l ~/.Xauthority, idan mallakar root ne, wato babban asusun tsarin, wanda yakan faru bayan an buɗe manhaja mai fuska da sudo, mayar da shi da sudo chown $USER:$USER ~/.Xauthority. A Ubuntu, ƙarin kayan GNOME, wato fuskar Ubuntu, da aka girka don kwalliya sukan karye idan sigar ta canza. Kawar da su gefe da mv ~/.local/share/gnome-shell/extensions ~/tsofaffi, ka sake gwadawa.

Mai Linux Mint da ya kunna Timeshift, manhajar da ke ajiye kwafin tsarin, tun kafin matsalar yana da gajeriyar hanya: sudo timeshift --restore, ya zaɓi ranar da ta gabaci sabuntawar. Ga na gaba, kada ka fara sabuntawa sai da wutar da ka amince da ita, sola ko janareta idan batirin ya mutu, da gigabait 5 ko fiye a sarari, kuma ba a daren da za ka miƙa aiki da safe ba.

Akwai yanayi ɗaya da waɗannan umarnin ba za su yi magani ba. Idan journalctl -b -p err yana ta maimaita I/O error tare da sda ko nvme, ma'ajiyar ce da kanta ke mutuwa, sabuntawar ta tona ta ne kawai saboda yawan rubutun da ta yi. Daina gyara, tashi kwamfutar da filashin Ubuntu, zaɓi Try Ubuntu, ka kwafe fayilolinka zuwa wani wuri, sannan a sauya ma'ajiyar kafin a sake girka tsarin.