Babi na 9: Me ya sa jiniya ke sauya murya?

Darasi na 1

Ku ajiye fensir tukuna. Da damina, walƙiya kuke fara gani, sannan ku ji tsawa. Dalili shi ne haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, sauti kuwa mita 343 kacal yake ci a cikin iska. To, ku ɗauki fensir ku rubuta 343. Uku, huɗu, uku. Madalla.

Darasi na 2

A nan ake yawan tuntuɓe, sai mu bi a sannu. Ka tsaya bakin titi, motar asibiti na tahowa da jiniya. Tana nufo ka, muryar siririya ce. Da ta wuce ka, sai ta yi kauri.

Ban ce ƙarfi ba. Ƙarfin murya daban, kaurinta daban. Yaro kan ƙwala ihu da siririyar murya, dattijo kan yi magana ƙasa-ƙasa da mai kauri. Ku maimaita: tahowa, siririya, wucewa, kauri. Mama da ke can baya, ke ma faɗa mu ji. Kin yi daidai.

Motar da ke tahowa tana matse igiyoyin sautin a gabanta, ta bar na bayanta a warwatse. Matsattsun su ke ba da siririyar murya, warwatsattsun kuwa mai kauri. Christian Doppler, mutumin Ostiriya, ya bayyana wannan a 1842. A 1845 aka gwada a Holan: aka ɗora masu busa a jirgin ƙasa, wasu masana kiɗa suka tsaya gefen layin dogo, suka kuwa ji busar ta sauya. Direban motar fa? Shi ba ya jin wani sauyi, tunda tare suke tafiya da jiniyar.

Har yanzu akwai mai rubuta "ta ƙara ƙarfi". Haba jama'a! Ku goge. Tahowa, siririya, wucewa, kauri. Wanda bai yi bita a gida ba, kada ya ce malami ne bai iya ba.

Darasi na 3

A sararin samaniya babu iska, saboda haka sauti ba ya tafiya, sai dai a aiko waƙa ta rediyo. A ce kumbo yana tafiya yana ƙara nisa da mu, gudunsa kashi 60 cikin 100 na gudun haske. Bisa lissafin Einstein na 1905, waƙar minti 3 da ya aiko za ta ɗauke mu minti 6 muna sauraronta, muryar ta yi kauri. Na cikin kumbon lafiya lau suke jin abarsu.

Darasi na 4

Jirgin saman da ya fi sauti gudu kan bar wata ƙara mai kama da tsawa. An fara irin wannan gudu a Amurka a 1947. Ku kwafe a littafi.