Yadda ake zaɓar madubin hangen nesa don kallon tsuntsaye

Da hunturu ya kama, fadamun Haɗeja da Nguru kan cika da tsuntsaye, wasu 'yan gida, wasu baƙi da suka ƙetaro Sahara daga Turai. Wanda ya tsaya a bakin ruwa a Dagona, cikin waɗannan fadamu, da ido zalla, abin da zai hango bai wuce ɗigo-ɗigo suna motsi can nesa ba. Madubin hangen nesa ne zai nuna masa cewa wannan kirinjijiya ce mai farar fuska, waccan ƙatuwar kuma dinya. Ga yadda za ka zaɓi wanda zai yi maka wannan aikin.

Fara da lambobi biyun da ke jikinsa, misali 8x42. Ta farko tana gaya maka sau nawa yake kusanto da abu: tsuntsun da ke nisan mita 80 za ka gan shi kamar a mita 10 yake. Ta biyu faɗin gilashin gaba ce a milimita, wato ƙofar da haske ke shiga. A nan sabon shiga ya fi ruɗewa. Ya ga an rubuta 20x50, sai ya ce ai wannan ya fi. Madubin da ke ninka girman tsuntsu sau 20 haka yake ninka rawar hannunka, ga filin da kake gani ya tsuke. Kafin ka lalubo reshen da kanari ya sauka, ya riga ya tashi. Ni dai shawarata 8x42. Idan yawancin kallonka a bakin tafki ne, inda tsuntsaye ke nesa, 10x42 ma ya yi, amma kada ka wuce 10 muddin a hannu za ka riƙe.

Na biyu, ka raba lamba ta biyu da ta farko. Idan ka raba 42 gida 8 za ka samu 5.25, wannan shi ne faɗin hasken da ke isa ƙwayar idonka a milimita. Tsuntsaye sun fi kai-komo da sassafe da kuma gab da magariba, daidai lokacin da haske ya yi ƙaranci. Ɗan ƙaramin madubin aljihu, 8x21, nasa bai kai milimita 3 ba, shi ya sa yake yin duhu a ƙarƙashin inuwar bishiyoyi irin na Yankari. Ɗaga madubin ya fuskanci sama, ka nesanta shi da fuskarka, za ka ga ɗigon haske a kowane gilashin ido. Ya kamata ya zama zagayayye tas. In gefensa ya dushe ya yi kusurwa, gilashin cikin mai araha ne. Nemi wanda aka rubuta BaK-4, wato nau'in gilashin ciki mai kyau.

Duba faɗin filin da kake gani ta cikinsa: mita 130 a nisan mita 1000 ya yi kyau ga 8x42. Gwada kuma kallon abu na kusa. Mai kyau yana fitar da abu sarai daga kamar mita 2.

Idan kana sa tabarau, nemi wanda ke ba ido tazarar milimita 15 ko fiye daga gilashin ido, ka murɗe kofunan ido su koma ƙasa.

Sai batun ƙura, wanda a ƙasarmu ba a wasa da shi. Sayi wanda aka toshe ruf aka cika cikinsa da iskar naitirojin, don ruwan damina da ƙurar hunturu ba sa shigarsa. Kuma ina roƙonka, kada ka goge gilashin da bakin riga. Ƙurar nan yashi ce mai laushi, kankare fuskar gilashi take yi. Hure ta tukuna, sannan ka share da ƙyallen da ya zo da shi.

Kada ka biya sai ka gwada da idonka. Fita waje, zaɓi rubutun wani allo can nesa. Rufe gilashin dama da tafin hannu, ka juya ƙaramar tayar tsakiya har rubutun ya fito. Sai ka rufe na hagu, ka daidaita zoben da ke kan gilashin idon dama. Buɗe duka biyun. Hoto ɗaya ya kamata ka gani. In ya rabu biyu, ko ka ji idonka yana jan jijiya bayan minti ɗaya, cikinsa ya goce, mayar wa mai shi. Waɗanda aka taɓa amfani da su sun fi zuwa da wannan matsalar, don faɗuwa ɗaya ta isa ta jawo ta. Haska cikinsa ma da tocila, ka duba ko akwai fumfuna. Masu gilashi ja mai ƙyalli da masu sauya lamba daga 10 zuwa 30, wuce su kawai.

Daga ƙarshe ka rataya shi a wuya, ka ɗan zagaya. Yawancin 8x42 nauyinsu tsakanin giram 600 da 800 ne, kuma da shi za ka wuni. In igiyar siririya ce tana cin wuya, ka sauya ta da mai faɗi tun kafin ka bar shagon.